Ƙayar Tanderu

Mijina Polibiyos, tun da ya ajiye allin koyarwa, ya koma kiwon malam-buɗe-littafi. Ba ma manya masu ado ba, 'yan mitsi-mitsi shuɗaye da ba su wuce farcen babban yatsa ba. Ni duk ɗaya nake ganinsu. Shi kuwa wai iri-iri ne, sai an leƙa ɗige-ɗigen ƙarƙashin fiffike a san wane ne wane. Mutumin da bai taɓa lura na canja labule ba.

Shekara tara yana rantsuwa akwai wani iri a gangaren gonarmu da ba a taɓa rubutawa a wannan gefen Kubrus ba. A shagon kofi har suna suka laƙaba masa, Farfesan Ƙwari. Ya yi ta aika wa masana hotuna a babban birni Nikosiya, amsa ɗaya ce: sai an ga ƙwai ko tsutsa a jikin tsiron da suke ci. Bana ya gani. Bai gaya mini wane tsiro ba ne, don a wurinsa ilimi ya fi ƙarfin mai tukunya.

Da wata masaniya, Dakta Ebantiya, ta ce za ta zo ran Asabar, na yi abin da kowace matar kirki a ƙauyen nan za ta yi. Baƙuwar birni ba za ta ci burodin kanti a gidana ba. Ran Juma'a yana wurin aski, na gangara gona na sassare ƙayar nan mai rawayan fure, wadda ko ɗanya ba ta yi wa wuta gardama. Da ita uwata take hura tanderu.

Dakta ta ci burodi da cuku da zaitun har da ƙari. Sannan ya ja ta gangare cikin rigar coci, ni ina biye da kofi. Kututture shida suka tarar.

"Tekla, ina ƙayata?" ya ce mini.

"Yanzu kuka ci abin da ta gasa, Malam."

Baiwar Allah ta durƙusa ta dudduba ko ƙwai sun saura, ta miƙe ta karkaɗe gwiwa. Ta ce ba komai, ƙaya tana tohowa, sai a sake dubawa baɗi ko baɗin baɗaɗa. Shekararsa tamanin da biyu. Na so ya zage ni, wallahi da na ji sauƙi, amma ko kallona bai yi ba.

"To, ki dawo a lokacin," ya ce mata. "In ba na nan, Tekla za ta nuna miki wurin."