Bahon Gidan Ntate Sebolai

Baho ɗaya ne tak a gidan Ntate Sebolai, wato Baba Sebolai da harshen mutanen wurin, kuma ya girmi duk 'ya'yan gidan. Na baƙin ƙarfe ne, irin wanda kamfanin haƙar zinariya ya girka wa manyan ma'aikatansa tun zamanin da baƙar fata ba ya kwana a wannan layi na garin Carletonville. Da kamfanin ya tashi sayar da gidajen, Ntate Sebolai ya sayi nasa da gumin shekarun da ya yi a ƙarƙashin ƙasa. A cikin bahon nan marigayiya matarsa take jiƙa barguna, a cikinsa ake tara ruwa duk ranar da aka ji za a ɗauke famfo.

'Yarsa Moipone ta dawo gidan bayan aurenta ya mutu. Ta kafa kekenta a falo tana ɗinka wa 'yan makaranta kaya, tana kula da tsohon, wanda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya bar shi yana jan ƙafar hagu. Komai yana yi da kansa in ban da shiga baho da fita. Nan kam sai ta tallafe shi, ta kawar da kai, shi ma ya kawar da nasa.

Wata Lahadi da safe suna shirin coci, ya shiga ya kasa fita. Ta ja, ya zame. Ta sake ja, bayanta ya amsa. Ruwan ya huce, leɓɓansa suka fara rawa. Dole ta fita ta kira maƙwabciyarsu Mme Ntsoaki, wato Mama Ntsoaki, suka yafa masa tawul, suka ciccibo shi su biyu kamar buhun masara. Ranar bai je coci ba, bai kuma taɓa tuwonsa ba. Ita kuwa Moipone ta yanke shawara a ranta: za a cire bahon, a daidaita ƙasan, a sa shawa wadda mutum zai shiga da ƙafarsa, ya zauna a kujera ya yi wankansa cikin sirri.

Magana ba ta kwana a layin nan. Kowa ya zo da tasa. Wasu suka ce gidan da ba baho ba ya daraja in an tashi sayarwa. Wasu suka ce ai ƙashin tsoho ruwan zafi yake so ya kwanta a ciki. Mme Ntsoaki ta jingina da shinge tana dariya.

"Shawa kuma? Moipone, kin waye da yawa. To ranar da aka ɗauke ruwa, a aljihun siket za ki tara?"

Moipone ta ce za ta sayi duro. Duk waɗannan tana da amsarsu. Wanda ba ta da amsarsa shi ne mahaifinta, domin shi bai kawo dalili ba. Ya dai ajiye kofin shayinsa ya ce, "Ba za a taɓa shi ba." Ta ɗauka tunawa da mahaifiyarta ce, sai ta sassauta murya ta lallashe shi. Ya dube ta, irin kallon da ba ta san shi da shi ba, ya maimaita maganar.

Daga nan ne ta fara lura da abubuwan da a da idonta yake wucewa ta kansu. Ƙofar banɗakin ta daina rufuwa sai an sa kafaɗa. Akwai wata tsaga siririya a tayil ɗin bango, wadda ta rantse a bara ba ta kai taga ba, yanzu ga ta ta kai. In ta tara ruwa a bahon, gefen bango ya fi cika. Sannan kusan kullum da hantsi, idan ƙarar kekenta ta tsaya, takan ji wani ƙwanƙwasa daga banɗakin, a hankali, da tazara. Da ta leƙa sai ta ga tsohon zaune a bakin bahon yana buga ƙasa da gindin sandarsa, ya karkata kai yana saurare.

"Ntate, me kake nema?"

"Kyankyaso," ya ce, bai ɗago ba.

A garin nan ba wanda ake koya wa tsoron ƙasa. Kowa ya san layukan da aka shafa wa gidajensu jan fenti aka kewaye da waya saboda ƙasa tana burmawa a ƙarƙashinsu, ya san inda aka kai mutanen, can bayan gari cikin ɗakunan kwano, a ce su jira. Amma abu ne da ake faɗa a kan wasu. Moipone ta kori tunanin, ta ce tsohon gida ne, dole ya yi tari.

Ta kira Chauke, mai gyaran famfon da ya san cikin kowane gida a unguwar, mutum mai surutu da son tsokana. Ya shigo yana gaishe da tsohon da babbar murya, ya leƙa banɗakin ya yi fito.

"Ntate, wannan ai ba baho ba ne, jirgin ruwa ne. Ba ni shi in tafi Maputo."

"Ka fara koyon iyo tukuna," in ji tsohon. "Kuma ka fitar min da ƙafafunka daga nan."

Chauke ya yi dariya, ya durƙusa yana ƙwanƙwasa ginin bulon da aka rufe gefen bahon da shi. Dariyar ta ragu. Ya ce wannan gini ba na kamfani ba ne, hannun wani ne daga baya. Ya kai tafin hannunsa wata 'yar kafa a gindin bulon, ya daɗe a haka. Da suka fito waje ya shaida wa Moipone cewa iska mai sanyi tana fitowa daga wurin, da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Mai yiwuwa bututu ne ya ruɓe, in ji shi, kuma in haka ne gara a buɗe da wuri. Yana faɗa yana kallon bakin takalminsa.

Da yamma ta zuba wa mahaifinta tuwon masara da ganyen morogo, ta faɗa masa abin da Chauke ya ce. Ya ci loma biyu ya wanke hannu. Ta ce masa bayanta ba zai ƙara ɗaukarsa ba, ta ce wata rana zai zame ya fasa kai tana kasuwa, ta ce ba ta son ta sake kiran mace maƙwabciya ta gan shi tsirara. Wannan ta ƙarshen ta soke shi, ta gani a fuskarsa.

"Ki kawo min bokiti da kujera," ya ce. "Na yi wanka da bokiti kafin a haife ki. Bahon dai ki bar shi inda yake. Ba kowane murfi ake ɗagawa ba, Moipone."

Ta kawo bokitin, aka yi makonni a haka. Amma ƙwanƙwasar hantsi ba ta daina ba, har ta kai in ta ji, sai ƙafarta ta tsaya cak a kan keken. Wata rana ta ga ƙwallon zaren da ya faɗo mata ya mirgina shi kaɗai daga falo, ya bi baranda, ya tsaya a ƙofar banɗakin.

Ranar da motar coci ta zo kwasar tsofaffi zuwa asibiti ganin likita, ta shirya shi, ta sa masa hula, ta raka shi har mota. Motar na shan kwana ta kira Chauke.

Bai yi tsokana ba ranar. Ya cire bulo na farko a hankali, ya cire na biyu, sanyin ya bugi ƙafafun Moipone inda take tsaye. Ya kunna tocila ya zura kai. Can sai ya matsa ya miƙa mata tocilan.

Babu daɓe a ƙarƙashin bahon. Simintin ya burma, ya bar baki mai faɗin babbar tukunya, baƙi ƙirin. Wasu ƙarafa biyu na titin jirgi aka gitta a kan ramin, aka tokare su da guntayen katako, an jera su tsaf, a kansu bahon yake zaune. Bututun da ke fitar da ruwa ya rabu da mahaɗinsa yana reto, bakinsa ya kalli ƙasa. Duk ruwan da aka zubar a gidan nan, wa ya san tun yaushe, can yake tafiya. Ɗaya daga ƙarafan kuma ƙarshensa bai fi faɗin tafin hannu ya rage a kan siminti ba.

Chauke ya ɗauki ɓallin bulo ya saka a ramin. Suka kasa kunne. Can suka ji wani ɗan sauti, nesa, kamar an yi tari a wani gida.

"Ausi, 'yar'uwa," ya ce da raɗa, "mu fita. Ki taka a hankali, ki bi jikin bango."

Ko gudumarsa bai ɗauka ba.

Tana zaune a bakin ƙofar gida lokacin da motar ta sauke tsohon. Ya ga ƙurar bulo a siket ɗinta, ya ga Chauke tsaye can a titi. Ya jawo ƙafarsa ya zauna kusa da ita a kan dakali, ya ɗora haɓa a kan sandarsa.

Da kansa ya fara bayani. Ya ce tun mahaifiyarta na da rai ya gano ramin, lokacin bai fi bakin kwano ba. Ya gyara bututun, ya samo ƙarafan, ya tokare kamar yadda suke tokare rufin rami a wurin aiki, ya gina bulo ya rufe. Duk shekara yakan cire bulo ɗaya ya duba. Da ciwo ya kama shi ya kasa durƙusawa, sai ya koma saurare da sanda. Ya ce sautin ya canja tun damina ta wuce.

"Ka sani," in ji Moipone. "Kana ji yana girma, kana kallona ina shiga ina fita."

"Da na faɗa, da sun shafa mana fenti. Da mahaifiyarki ta mutu a ɗakin kwano ke nan." Sai ya ƙara da cewa, "Na ɗauka ƙasar za ta jira ni in tafi tukuna."

"Ni fa, Ntate? Ni ma jirana za ta yi?"

Ta so ta yi masa ihu, ta so ta rungume shi, ba ta yi ko ɗaya ba. Ta tashi ta shiga ta ƙofar gaba, ta kwaso magungunansa da bargo, ta fito tana bin bango.

Kafin la'asar Mme Ntsoaki ta ji. Ta zo ba dariya, ta kama hannun Moipone ta ja ta gefe. Ta ce a samo siminti a cika ramin, a yi shiru, ai an sha yin haka. Ta ce in hukuma ta zo ba gida ɗaya za ta shafa wa fenti ba, layin duka za ta kwashe, ita kuma da jikoki a gabanta, ina za ta kai su?

"Mme, bangon banɗakinki da namu taku nawa ne a tsakani?"

"Ban auna ba, kuma ba zan auna ba. Ki ji tsoron Allah, Moipone, kada ki tashe mu."

Washegari Moipone ta je ofishin hukuma ta faɗa. Suka zo da motoci da na'urar haƙa, suka huda tsakar gidan, suka huda titi, suka yi ta rubuce-rubuce. Gidan Ntate Sebolai aka shafa wa fenti aka kewaye da waya. Sauran aka ce su jira sakamako. Daga ranar mutanen layin suka daina amsa gaisuwarta.

Wani ɗan ƙanin mahaifiyarta ya ba su ɗaki biyu a bayan gidansa a Potchefstroom. Tsohon bai yi gardama ba da aka ɗora shi a mota, bai kuma waiwaya ba. A can ya zama mai shiru, ya rage ci, yana wuni a rana da hula a fuska. Bai ƙara ambaton gidan ba, ita ma ba ta tayar ba. Wani lokaci in tana shafa masa mai a ƙafa takan ji idonsa a kanta, in ta ɗago sai ya kawar.

Gidan ya tsaya a tsaye har aka ci rabin damina, har wasu suka fara cewa Moipone ta tashi hankalin mutane a banza. Sai wata rana da azahar, bayan ruwan da aka kwana biyu ana yi, Chauke ya kira ta. Ya ce yana aiki a layin baya ya ji ƙasa ta girgiza sau ɗaya. Da ya zagayo sai ya tarar banɗakin da rabin kicin babu su. Falon na nan, har labulen da ta bari yana kaɗawa. Ba wanda ya ji ciwo.

Ta faɗa wa mahaifinta. Ya gyaɗa kai, ya tambaya ko akwai sauran shayi. Kafin sanyin shekarar ya fita ya rasu, a gadonsa, da rana tsaka.

Bayan an binne shi Moipone ta bi ta layin sau ɗaya. An cika ramin da duwatsu, an ƙara waya. Wasu gidajen an kwashe, wasu da mutane a ciki. Mme Ntsoaki tana shanya a tsakar gidanta, jikokinta suna guje-guje a gindin shinge. Ta amsa gaisuwar a taƙaice, ta yi mata ta'aziyya. Moipone ta tambaye ta ko sakamakon ya fito. Ta ce an ce su ƙara jira. Moipone ta sake tambayarta ko ta sa an duba nata gidan.

Mme Ntsoaki ta yarfe rigar da ke hannunta ta rataya a igiya. Ta ce ita ba ta ga komai ba, kuma ba ta da niyyar dubawa.