Baƙin Inna Lauratu

Ɗaukewar wutar lantarki ta mayar da ɗakin binciken jami'a tanda, shi ya sa Haisam ya kinkimo kejin malam-buɗe-littafinsa a mota daga Khartum har gidansu a Umbadda. Digirinsa kacokan a kan fukafukan nan yake rataye.

Tambayar da yake bi ita ce yadda ƙwaƙwalwar da ba ta kai ƙwayar gero ba ke tantance launuka, har da waɗanda idon ɗan Adam bai san da su ba. Dabarar kuwa mai sauƙi ce: ya bar su da yunwa, ya ba su ruwan sukari a kan shuɗiyar takarda har su saba, sannan ya jera musu launuka ya ga inda za su sauka.

Sai suka ƙi shuɗi, suka yi ta rububin ja. Ya sake koya musu da kore, ja dai suka nufa. Haisam ya yi murna kamar ya tsinci dami a kala, ya rubuta cewa son ja a ƙwaƙwalwarsu yake tun ƙyanƙyasa, horo ba ya kankare shi. Farfesansa ya jinjina masa, ya ce gobe zai zo ya gani da idonsa kafin ya sa hannu.

Ranar Haisam ya dawo gida da wuri, abin da bai saba ba. Ya tarar da mahaifiyarsa Lauratu durƙushe gaban keji da faranti.

"Inna, me kike yi?"

"Haram alek, ya waladi! Ka ɗau alhaki, ɗana! Baƙi a gidana, ka bar su da yunwa? Kakanninka da suka tako hanyar Makka da ƙafa, wa ya bar su haka?"

"Tun yaushe kike ba su?"

"Tun zuwansu. Kana fita nake jiƙa musu karkade, zoɓon nan ja wur, da sukarinsa. Miskinai, har sun gane ni."

Haisam ya zauna daɓas. Kunya ta kama shi, amma sai wani mugun tunani ya lallaɓo: gobe dai ja za su bi, wa zai sani?

"Kada ka damu," in ji Inna, "ba na gundurar da baƙo. Tun makon jiya na koma ba su ruwan mangwaro, mai launin ɗorawa."