Kaɗan-Kaɗan

Mai ya yi zafi a tukunya, Munawwara ta juye naman rago ciki, ƙamshi ya cika gidan har maƙwabta a unguwar Bulabulin suka fara leƙe. Ta dafa shinkafar Zabarmari kwano guda, ta kwarara mata man shanu ba tausayi.

A ɗaki Mukhtari ne kwance, wan marigayi mijinta. Wata bakwai yana hannun mutanen daji, sai jiya sojoji suka dawo da shi, ƙashi da fata. Iyalinsa sun daɗe da gudu Kano, jinya ta faɗo kanta.

Da safe Salomi, ma'aikaciyar asibiti, ta duba shi, ta ja Munawwara gefe.

"Babu gado a wajenmu sai jibi. Maman Turai, kaɗan-kaɗan fa. Kunu mai ruwa, madara cokali-cokali. Cikin da ya daɗe da yunwa, in aka cika shi lokaci guda, gishirin jini ke rikicewa, zuciya ta tsaya."

"Na ji, Sista," in ji ta. Ta kuwa ji da kyau.

* * *

Shekara biyu da suka wuce, Mukhtari ke riƙe da mabuɗin sito a sansanin gudun hijira. Wake, gyaɗa, busasshen kifi, madara, duk abin da ke gina jiki ta ƙofar baya yake fita zuwa kasuwa. Yara sai garin masara zalla. Turai, 'yar Munawwara mai shekara uku, ƙafafunta suka kumbura, gashinta ya yi ja. Munawwara ta durƙusa masa kan gwangwanin madara ɗaya. Ya ja kumatun yarinyar yana dariya.

"Wannan ɓul-ɓul ɗin? Wace yunwa?"

Kwana tara bayan nan aka binne ta. Munawwara ba ta yafe ba, ba ta ma taɓa gwadawa ba.

* * *

Ta dire tiren a gabansa. Hawaye na bin ramin kumatunsa.

"Duk nawa ne?"

"Naka ne, Yaya. Ka sha wuya."

Ya ci kamar za a ƙwace, mai na gangara masa har gwiwar hannu. Da shinkafar ta yi rabi ya tsaya yana haki.

"Allah ya yi miki albarka, Munawwara. Ban zaci haka daga gare ki ba."

Ta ƙara masa ludayi biyu, ta tura ƙofa da ƙafa. Sannan ta zauna a bakin tabarma, ta zuba wa jijiyar wuyansa ido.