Ba Wanda Ya Ce Mata Ta Tashi

Ni ce mai kwalliyar shirin nan na talabijin da kuke rububin kallo, na yarinyar da aka sace ta kuɓuto. Duk kumburin idon da ke sa ku salati, aikin hannuna ne. Don Allah kar ku yaba mini, kunya ce ke cina.

Ƙanwata Auta, ita da gaske aka sace ta. Tunda ta dawo ba ta taka bakin ƙofa ba, ko shanya ba ta fita kwashewa. Ni kuwa da shegen karambanina na dage cewa zaman ɗaki ne ke ƙara mata ciwo.

"Ki ƙyale ta," in ji Mama.

"Haba Mama! Yau a cikin ofis kawai za mu ɗauki shirin, ba bindiga ba igiya. Ta ga mutane, ta sha iska."

Da ƙyar Auta ta yarda ta biyo ni. Na zaunar da ita kusa da maratayar kaya, ta zuba mini ido ina manna wa ɗan sandan shirin gashin baki. Ya yi atishawa, gashin ya karkace, sai ga Auta tana dariya! Rabon da in ji dariyarta har na manta. Nan kaina ya kumbura, na ce ai ga shi, ni na san magani.

Sai mataimakin darakta, wanda muke kira Lasifika, ya kwatsa tsawarsa ta kullum:

"Shiru! A kashe waya! Kar wanda ya motsa!"

Mu ta zame mana kamar kukan fanka, ko ji ba ma yi. Aka shiga ɗauka, a sake, a sake, gumi na ɓamɓare gashin bakin nan ina gudu ina mannawa. Kuma a wurinmu ba a shelar an gama. Darakta ya cire abin kunnensa, an rage fitilu, kowa ya san inda dare ya yi masa. Muka watse cin abinci. Wallahi har ƙari na yi, ina ta zuba surutu.

"Ina baƙuwarki?" in ji telanmu.

Cokali ya suɓuce mini.

A bayan maratayar na same ta, a durƙushe, goshi a ƙasa, hannu biyu a ƙeya. Ta tura wayarta can gabanta, a kashe. Rigarta ta jiƙe sharkaf.

"Auta, ni ce. Tashi, ƙanwata."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Cikin raɗa ta ce, "Yaya, yi a hankali. Shi bai ce a tashi ba."

Na lallaɓa, na roƙa, na ja hannunta, ina! Dole na koma tsakiyar mutane na janyo Lasifika, bakinsa duk maiƙo, na faɗa masa abin da ban taɓa gaya wa kowa a wurin ba, cewa an taɓa sace ta. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya tsuguna nesa da ita, ƙaton mutum, ya sassauta murya.

"An gama, baiwar Allah. Ki tashi."

Ta miƙe a hankali. Ba ta dube ni ba. Shi ta rusuna wa.

"Na gode, yallaɓai," ta ce. "Ban motsa ba."