Danjar Da Ke Gab Da Masakhane

Tun da ɓarayi suka kwashe wayoyin jan ƙarfe na layin dogonmu, danjar da ke gab da tashar Masakhane ba ta ƙara nuna kore ba. Ja take kwana, ja take tashi. Ƙa'idar aiki kuwa tana nan yadda take: direba ba ya wuce jar danja sai jami'in ɗakin kula da zirga-zirga ya ba shi izini da bakinsa ta wayar aiki, direban ya maimaita masa kalmomin ɗaya bayan ɗaya, sannan jirgi ya ɗaga. Wayar tana naɗar murya. In wani abu ya faru, muryar da ta ce a wuce ita za a nema.

Ni gadin jirgi ne. Wurina ƙarshen taragon baya, da usur da tuta. Ina duba ƙofofi, in busa, direba ya ja. Direban da na fi daɗewa da shi a jirgin safe mace ce, Vuyelwa. Ta yi shekaru a tagar sayar da tikiti tana kallon jirage suna wucewa kafin ta samu aka tura ta koyon tuƙi. Ta iya kuwa. Masu tallan amagwinya, fanken nan namu, a cikin tarago sukan ce in ita ce a gaba ko shayi ba ya zubewa.

Sai dai kujerar ba tata ba ce. Riƙon ƙwarya take yi. A hukumarmu wannan ba abin kunya ba ne, don babban manaja riƙon ƙwarya yake, manajan yanki ma haka, har shugaban masu shara. Minista ya naɗa kwamitin gudanarwa, kwamiti ya dakatar da manaja ya kawo nasa, kafin nasa ɗin ya gane hanyar ofis an sauya minista. Duk lokacin da maganar tabbatar da Vuyelwa ta kai gaban kwamiti, sai a wayi gari an rushe kwamitin. Mai riƙon ƙwarya kuwa da waya ɗaya ake mayar da shi inda ya fito.

Takan kira ni Tata, wato baba, ta ce mini, "Tata Jola, ni ba na neman komai. A ce dai kujerar nan tawa ce, ko da ranar zan yi ritaya."

Tashar Masakhane ta daɗe a rufe, jirage suna ratsa ta ba sa tsayawa. Da zaɓe ya matso sai aka tuna da ita. Aka yi mata fenti, aka kafa rumfa, aka ce sabon shugaban kwamiti zai zo ya yanka ƙyalle, kuma jirginmu ne zai fara tsayawa a dandamalin da aka gyara, a gaban 'yan jarida.

Ranar bikin muka taso daga unguwar Khayelitsha a cike, har da na tsaye a tsakanin taragu. Muka iso danjar, muka tsaya kamar kullum. Kullum ɗin, kafin ka gama hamma Boeta Sedick na ɗakin kula ya ba da izini. Yau shiru. Daga inda nake ina hango rufin rumfar da tutocin jam'iyya suna kaɗawa, ga tashar nan kamar ka miƙa hannu. Rana ta fara ɗagawa. Ƙofofi a kulle, tagogin da aka toshe da ƙarfe bayan an farfasa gilasansu ba sa shigar da iska.

Da na ga abin ya wuce misali sai na sauka, na bi tsakuwar gefen layi zuwa gaba, fasinjoji suna jefo mini magana ta tagogin da suka rage.

"Kai, tsoho mai usur! Busa mana mu tafi mana!"

"Bar shi, shi ma riƙon ƙwarya yake wa usur ɗin."

"Tata, ka zo ka gaya wa matar da nake wa aiki cewa danja ce ta riƙe ni. Ta ce in na ƙara makara in ɗauki jakata."

Na ci gaba da tafiyata. Wanda ya yi shekaru a aikin nan ya san ba amsa suke nema ba.

Tarago na uku shi ne coci. Haka yake tun kafin in fara aiki. Ma'aikatan gidaje da masu gadi da masu ɗinki a masana'anta, waɗanda Lahadi ba tasu ba ce, a nan suke ibadarsu kowace safiya. Mama Nosakhele ke jagoranta, wata dattijuwa mai wanke-wanke a asibiti, da ɗan ƙaramin filon fata ɗaure a tafin hannu tana bugawa, sauran suna dukan bangon tarago. Suna da doka ɗaya: ba a cewa Amin ɗin ƙarshe sai jirgi ya tsaya a dandamali, kuma ba mai fita daga coci kafin Amin. Ranar da jirgi ya makara, wa'azi ya yi tsawo.

Ta leƙo ta taga, gumi har wuya. "Jola! Me ya samu 'yata a gaba?"

"Izini take jira, Mama."

"To ka ce mata na fitar da Isra'ilawa daga Masar, na ƙetare teku da su, yanzu muna jeji. Muryata ba za ta kai shekara arba'in ba."

Na hau ɗakin direba. Vuyelwa na zaune, wayar aiki a kunne, tata wayar a kan cinya tana ta ruri. Ta danna mini lasifika don in ji. Muryar Boeta Sedick ce, a gajiye.

"Sisi, 'yar'uwata, wallahi ba mugunta ba ce. 'Yan kwangilar fentin nan har jiya suna kan layin da tsani da amalanke. Ba wanda ya zo ya ce mini sun sauka. Injiniyan da zai faɗa an dakatar da shi makon jiya. Wanda ke riƙe masa yana can cikin rumfa sanye da rigar jam'iyya."

"Ka kira shi mana, Boeta."

"Na kira. Ya ce ai da alama ba matsala. Na ce to faɗi haka a wannan wayar. Ya ce ba ya ji na sosai, kiɗa ya yi yawa." Ya ja numfashi. "Kin san abokin zamana, wanda ya ba da izini bara don wani babba yana sauri. Jirgi ya taka amalanken ma'aikata. Babban yana nan a ofis. Shi kuwa har yau yana gida yana ban ruwan tumatir. Ina da 'ya'ya, sisi."

Ta ajiye, ta ɗauki tata wayar, wadda ba ta naɗar komai. Wani Songezo ne, na hannun daman shugaban kwamiti. Da sunan zuriyarta ya fara, kamar ɗan'uwa.

"MamCirha! 'Yar gidan girma. Ya kika bar mu a rana haka? Shugaba yana tsaye da almakashi, 'yan talabijin sun fara naɗe kayansu."

"Bhuti, yayana, danja ja ce. Ban samu izini ba."

"Danjar da ta shekara a ja? Haba, kwamared. Ga ni a bakin dandamali, ina kallon layin da idona, ko kaza babu. Ni na ba ki izini."

"To ka kira ɗakin kula ka faɗa musu."

Ya yi dariya. "Ni ba ma'aikacin jirgi ba ne, me zan ce musu? Ji nan. Na san maganarki. Shekara da shekaru ana ja miki rai. Ki shigo da jirgin nan yanzu, shugaba ya riƙe hannunki a gaban kyamara, mace direba, 'yar Khayelitsha. Kafin la'asar kujerar ta zama taki."

Ta dubi danjar. Ya jira, sannan muryarsa ta sauka.

"In kuma kika kunyata shi, kin san za a tambaya wa ya aiko ki. Akwai mutanen tsohon kwamiti da yawa da ba sa son ganin ci gaba."

Ya kashe.

Ta dube ni. "Tata, ka ji. In na wuce ba izini, ko ƙuda ban taka ba, sun riƙe wuyana har abada. Ranar da wannan kwamitin ya faɗi, na gaba zai ce ga wadda ta keta danja. In na tsaya, yau ɗin nan zan sauka."

Na ce, "Na ji."

"Shi ke nan abin da za ka ce?"

Me zan ce? Gaba kura, baya sayaki, kuma ba ni ne a kujerar ba. Na leƙa ta taga ina duban layin. Ya ɗan lanƙwasa kafin dandamali, akwai katangar da ta tare ido. Wataƙila babu komai bayanta. Wataƙila akwai tsani da mutum a kansa.

A baya dukan bango ya sauya. Ba na waƙa ba ne yanzu. Wani ya fara jijjiga ƙofa, na kuma ji ƙaurin takarda. Mun taɓa ganin yadda tarago ke ci da wuta, ba ya ɗaukar lokaci. Tarago na uku ne kawai har yanzu ke kan waƙa, ita ma ta dushe, muryar Mama Nosakhele tana fita kamar ana jan buhu a ƙasa.

Vuyelwa ta sake kiran Sedick. Ya ce ya kira shugabansa, shugabansa ya ce zai kira manajan yanki, manajan yanki yana cikin rumfa. Ta ajiye wayar a hankali. Ta goge tafinta a wando. Na ga ta gyara zama, ta ɗora hannun dama a kan abin sakin birki. Ba ta dube ni ba, ni ma na kawar da kai.

A daidai nan waƙar ta ƙaru, kuma ba daga cikin jirgi take fitowa ba. Na leƙa. Sun ɓalle ƙofar tarago na uku. Maza biyu suna sauko da Mama Nosakhele kamar ana sauke tulu, mata suna biye suna tattare siket. Ba su watse ba. Suka jeru a bayanta, suka biyo gefen jirgi har suka zo ƙarƙashin tagarmu.

Ta ɗaga kai, da ƙyar ake jin ta. "'Yata, kar ki ji haushi. Wata yarinya mai ciki ta suma mana. Ba a Amin sai a dandamali, to tunda jirgi ya ƙi kai coci, coci zai kai kansa."

Suka zagayo gaban jirgin suka hau tsakiyar layi. Sauran taragu da suka ga haka suka ɓalle nasu ƙofofin. Masu neman ashana don ƙona jirgi suka fasa, suka bi sahu. Kafin wani lokaci layin ya cika da mutane daga hancin jirginmu har kwanar katanga, da jakunkuna da robobin amagwinya a ka, an tallabo mai cikin a tsakiya. Yanzu ko minista ne ya kira, ba jirgin da zai motsa.

Vuyelwa ta janye hannunta ta sa a cinya. Muka zauna mu biyu a jirgin da ba kowa, muna jin waƙar tana nisa. Can muka ji ta yanke, sai wata babbar Amin ta taso daga wajen rumfa. An ce shugaban kwamiti yana riƙe da almakashinsa suka hau dandamali suka wuce shi, wasu suka ɗebi lemon kwalbar da aka jera wa baƙi. Abin da talabijin ta nuna ke nan da yamma.

Ba a kai la'asar ba aka sauke Vuyelwa daga kujerar. Ba a kore ta ba, ba a kuma mayar da ita tagar tikiti ba. An ce za a yi bincike kan zagon ƙasa, ta riƙa zuwa babbar ma'ajiyar jirage kowace safiya tana zama har a kira ta. Akwai wani ɗaki a can mai kujerun roba da butar shayi. Ta tarar da Boeta Sedick ya riga ta, da injiniyan nan da aka dakatar, da wasu da suka daɗe har sun san kujerar kowa. Daga baya aka ce layin a buɗe yake ranar, 'yan fenti sun kwashe kayansu tun daren jajiberi, ba wanda ya ga dalilin faɗa wa kowa.

Na je duba ta sau ɗaya. Ta raka ni bakin ƙofa.

"Tata Jola, ka gani ko? Ranar nan."

"Na ga me?"

"Kar ka yi mini haka. Na ɗora hannu. Da Mama ta ƙara baiti ɗaya, da na wuce." Ta yi wata 'yar dariya. "Mutanen unguwa suna tare ni a hanya suna cewa ga jarumar da ta ƙi 'yan siyasa. Su kuma na sama suna hukunta ni don na ƙi su. Ni kaɗai na san ban ƙi kowa ba."

Na ce, "Jirgin bai motsa ba, MamCirha."

"Bai motsa ba," in ji ta.

Bayan zaɓe aka kawo sabon minista, ya rushe kwamitin. Songezo ya koma hukumar ruwa. Sabon kwamiti ya ce binciken ba shi ya fara ba, sai ya nemi shawarar lauyoyi. Tashar Masakhane ta sake rufewa, don an ce kwangilar fentin ma akwai magana a kanta.

Vuyelwa tana shiga jirgin safe zuwa ɗakin kujerun roba. A tarago na uku take zama, kusa da ƙofa, ba ta waƙa. Wani saurayi ne a gaba yanzu, shi ma riƙon ƙwarya, yana taka birki kamar yana fushi da shi. In muka iso danjar muka tsaya, wani lokaci nakan sauka in duba ƙofofi. Nakan same ta ta jingina kai da bango, ido a rufe, leɓɓanta suna motsi. Matan cocin suna zaton addu'a take yi. Na taɓa tsayawa kusa har na ji. Kalmomin izini ne take maimaitawa, ɗaya bayan ɗaya, yadda ake mayar wa ɗakin kula, sannan ta jira jirgi ya ɗaga.