Akwatin Wutar Maiwada Ya Tafi Aro

Da hantsi Marka ta dawo daga fadama, ƙafafunta duk laka. Ta leƙa ɗakin maigidanta, sai ta ga gurbin akwatin wuta a fili. Shatinsa na nan a ƙasa, akwatin ne babu.

"Malam, ina akwati?"

Maiwada na kishingiɗe bisa buzu. Ya juya fuska wajen bango kamar bangon ne ya yi tambayar.

Wannan akwati fa ba na ado ba ne. Bara fuka ta kusa kai Maiwada kabari, shi ne ɗansu Sanusi, mai aikin gini a Kaduna, ya aiko da shi. Batir ne babba mai hannun ɗauka, da faifan sola mai ninkewa kamar dardumar sallah. A shanya faifan a rana, akwati ya sha wuta, koren idanunsa biyar su buɗe. In ƙirjin Maiwada ya toshe, sai a jona ɗan injin da ke maida magani hayaƙi, ya shaƙa, ya dawo duniya. Lantarki ba ya zuwa unguwarsu a Dakko. Akwatin nan shi ne huhun Maiwada na biyu.

"Da kai nike, Malam."

"Alhaji Yari ya aiko tun da sahe," in ji shi. "Aro na, na yini guda."

"Kai ko kab ba shi."

"Marka, surukina na hwa. Ɗiyarmu na gidan ɗanshi. Da wane baki zan ce mai a'a?"

"Da wanga bakin da kake buɗewa kamar kihi in abin ya taso maka!"

Ya so ya yi dariya, tari ya tare shi. A ƙarshen tarin Marka ta ji abin da take tsoro: wani siririn fito a cikin ƙirjinsa, kamar iska na bin tsagar ƙyaure. Ta ɗaga kai. Maƙwabta sun gama yankan shinkafa, sun cinna wa tattaka wuta, hayaƙi ya kwanta bisa gari kamar mayafi.

Ta kira Farida, matar Sanusi. Ta ce a buga wa Alhaji Yari waya. Farida ta nuna mata wayar, baƙi ƙirin. Ai da akwatin ake yi mata caji.

"To zauna nan. Ki jingina shi, ki rufe taga, ki yi ta fifita. Kada ki bari ya kwanta."

Ko ƙafa ba ta wanke ba. Ta yafa gyale ta tare ɗan kabu-kabu zuwa Bakura.

A gidan Alhaji Yari matarsa Hajiya Mairo ta shimfiɗa mata tabarma, anka shiga gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ina mutan gida, ina aikin fadama, ya ƙarfin jikin Malam, ya yara, ya hayaƙin nan da ya dame mu. Marka na amsawa, idonta na yawo lungu-lungu. Gaisuwar surukai ba a yanke ta. Yau kam ta yanke.

"Hajiya, akwatin Malam naz zo ɗauka."

Hajiya Mairo ta gyara ɗankwali. "Ayya! Ai ba ya nan. Alhaji ya tahi da shi Maradun. Malaminshi, Malam Khalifa, ad da walimar sauka yau, injinsu ya lalace, ba abin kunna lasifika. Kin san ba a hana malami."

"Can ba a hana suruki, nan kuma ba a hana malami. To wa anka hana? Mai numfashi?"

"Haba dai. Gobe war haka ya dawo, in Allah ya so."

Ɗiyarta Zainabu na tsaye bakin madafa da muciya a hannu. Ta biyo uwar har zaure, murya ƙasa-ƙasa. "Inna, don Allah ki bi a hankali. Gidan nan nike zaune."

"Ubanki ma gidan duniya yake son ya ci gaba da zama," in ji Marka, ta wuce.

Motar Talata Mafara ta yi ta tsaye-tsaye, a sauke buhu, a ɗauki akuya. A tashar Mafara kuma motar Maradun ta ƙi cika. Direba na zaune yana sakace, ya ce ko an je, wanda bai juyo kafin la'asar ba ya nemi wurin kwana, don ba mai bin hanyar nan da yamma, kowa ya san dalili, 'yan bindiga. Marka ta dubi rana, ta riga ta hau tsaka. Ta bar motar ta hau bayan wani mai mashin, dattijo mai suna Hashimu, ta ce masa, "In kana da wani gudu da kake ɓoyo don ranar tsiya, to yau ta."

Tun kafin su shiga unguwar Malam Khalifa ta ji lasifika. Murya mai daɗi, karatu na tashi har bisa itatuwa. Wani zai ji ya ce masha Allah. Ita abin da ta ji, numfashin mijinta ne ake watsa wa gari.

Ta fara shiga cikin gida wajen mata. Tukwane bisa murhu, ana ta kai da kawowa. Can tsakar gida, inda rana ta fi zafi, ga faifan sola a shimfiɗe, an lulluɓe shi kaf da jiƙaƙƙiyar shinkafar masa.

"Wa ya yi wanga aiki?"

Wata mai jego ta ce, "Ni ce, Inna. Mun ga tabarma ce mai santsi, ga tsabta, ga ta da ɗaukar zahi. Nan da nan shinkafa ke tsanewa."

Ashe tun safe akwati na ba da wuta, ko ɗigo bai sha ba. Marka ta kama gefen faifan ta juye shinkafar cikin wani kwando, ta goge shi da bakin zanenta, ta ninke, ta saɓa a kafaɗa. Mata sunka yi cirko-cirko.

Maza na ƙofar gida ƙarƙashin rumfa, sahu-sahu, manyan riguna da rawuna. Daga bakin zaure ta hango akwatin kusa da ƙafar alaramma mai karatu, waya ta fita daga cikinsa ta hau sandar lasifika. Marka ba ta san boko ba, lambobin da ke jikinsa ba su taɓa ce mata komai ba. Amma ta san idanu. Biyu sunka rage.

Ta yafuto wani mai rabon ruwa. "Je ka ce wa Alhaji Yari surukarshi ta Dakko na nan, maganar rai ce."

Ya je ya duƙa ya raɗa. Alhaji Yari ya waiwayo, ya gan ta da laka har ƙwauri, ya ɗaure fuska. Saƙo ya dawo: ta yi haƙuri a shafa addu'a.

Ta tsaya. Mace ba ta keta taron maza, balle taron karatu. Tun tana yarinya ta san wannan, ba wanda ya koya mata, a jini yake. Ta jingina da bango. Alaramma ya kai ƙarshen sura, ta ce to alhamdu lillahi. Ya buɗe wata.

Tana kallo ido ɗaya ya yi ƙifta-ƙifta, ya mutu.

Ta tuɓe takalmanta ta ajiye a bakin tabarma, don ba ta zo raina karatu ba. Sannan ta ratsa sahu. Wani ya ce, "Ke! Ke baiwar Allah!" Wani ya janye rigarsa. Ta isa, ta jira alaramma ya ja numfashi, ta kama wayar ta fizge.

Lasifika ta yi ƙara ta mutu. Wuri ya yi tsit, har ana jin kukan tukunya daga cikin gida.

Alhaji Yari ya miƙe. "Hajiya, ki ji tsoron Allah! Karatu ake!"

"Yari!"

Taro ya ɗauki salati. Suruka ta kama sunan suruki gatsau, a bainar jama'a. Tun ranar da anka ɗaura auren Zainabu ko ido ba ta taɓa haɗawa da shi ba.

"Yari, ka san abin da wanga akwati ke yi gidana. Kai kaz zo duba Malam bara, ka gane shi da abin shaƙa a hanci. Ka san ba ya iya ce maka a'a, shi ya sa ka aika sa'ad da ba ni nan. Ka ɗauki numfashin mutum ka zo ka yi gwaninta da shi!"

"Yini guda nac ce..."

"Kai riƙe naka numfashin yini guda mu gani!"

Malam Khalifa, tsoho mai farin gemu, ya ɗaga hannu. Ya tambayi abin da ke faruwa. Marka ta durƙusa, don ko cikin fushi ta san girman malami, ta faɗa masa a taƙaice. Ta ƙara da cewa, "Allah gafarta Malam, tun kakannin kakanni ake karatun nan da baki, yana isa inda zai isa. Mijina ko ba ya da wani ƙirjin."

Malam Khalifa ya dubi Alhaji Yari, kallo mai tsawo. "Cewa ka yi naka na."

Alhaji Yari ya sunkuyar da kai. Sannan ya matso kusa da Marka, ya rage murya. "Ki tuna akwai zumunci tsakaninmu. Akwai ɗiya."

"Na tuna. In ubanta ya mutu yau, kai za ka gaya mata dalili. Ina motarka?"

"Mi?"

"A-kori-kurar da kaz zo da ita. Kai kak kawo shi, kai za ka maida shi, yanzu, da hannunka."

Ya waiwaya wajen malaminsa neman ceto. Malam Khalifa ya ce, "Tashi, Alhaji. Rana na tahiya." Ya juya ga alaramma. "Ci gaba. Na baya su matso."

Alhaji Yari ya buɗe mata ƙofar gaban mota, ta ƙi. Ta hau baya. Ta jona wayar faifan a bakin da ya dace da ita, don baki ɗaya ne take shiga, ta buɗe faifan bisa cinyoyinta, ta danne akwatin da ƙafa. Mota ta tashi. Duk inda hanya ta karkata, Marka ta karkata faifan ta bi rana. Iska na neman ƙwace shi, ta riƙe har yatsunta sunka sandare. Gyalenta ya tashi ya faɗa daji, ba ta ko waiwaya ba.

Hanya ta yi shiru irin shirun da ba a so. Ba mashin, ba mai keke, gonaki ba kowa. Alhaji Yari ya taka mota, ba don ita kaɗai ba. Sunka ratsa Mafara mutane na nuna tsohuwa ba gyale, rungume da baƙin faifai. Ido na biyu ya fara ƙiftawa. Ya zo, ya tafi, ya zo. Da sunka doshi Bakura hayaƙin tattaka ya tare rana, ta koma ja kamar garwashi. Idon ya tafi bai dawo ba.

"Ɗaya ma ido na," ta ce wa akwatin. "Kada ka kunyata ni."

A ƙofar gidanta ta tarar da maza zaune bisa tabarma, shiru. Ta diro daga mota. Irin wannan zama ta san shi.

"Yana nan," in ji wani maƙwabci da sauri. "Amma ku hanzarta."

Alhaji Yari ya tsaya jikin mota. Marka ta ce, "Ɗauko. Shiga da shi."

Ya ɗauko, ya bi ta har ɗaki. Maiwada na zaune an tokare shi da matasai, kafaɗunsa na hawa da sauka, leɓɓansa sun yi toka-toka, jijiyoyin wuya sun fito. Fiton nan ma ya daina, iskar da za ta yi shi ba ta shiga. Farida na kuka tana fifita.

"Dube shi," in ji Marka. "Kada ka kau da kai. Dubi abin da ka ara."

Farida ta zuba magani, ta jona inji. Ya yi gurnani ya kama. Farin hayaƙi ya cika abin shaƙar. Marka ta riƙe shi a fuskar mijinta da hannu ɗaya, idonta bisa koren idon nan guda. Ladan ya kira magariba, ba wanda ya motsa.

Sai tari ya zo, mai ƙarfi, mai kauri. Bayansa fito ya dawo. Bayan fiton, a hankali, kafaɗu sunka fara sauka. Maganin na ƙarewa idon ya koma ja, inji ya yi shiru.

Maiwada ya janye abin daga fuskarsa. Ya ga Alhaji Yari tsugune bakin ƙofa, hula a hannu. Ya yi ƙoƙarin gyara zama.

"Alhaji... sannu da... ɗawainiya. An gama... walimar lahiya?"

Marka ta dube shi, ta dubi rufin ɗaki. Alhaji Yari ya share fuska da hularsa, ya tashi ya fita.

Da gari ya waye ta shanya faifan a tsakar gida, ta kori kaji, ta jawo akwatin gefensa. Ba ta je fadama ba. Can sai ga sallama daga zaure, wani na cewa gidan mai unguwa ana suna jibi, ko za a taimaka da aron akwatin nan.

Daga ɗaki Maiwada ya fara, "To, ai ba komi..."

Marka ta gyara zanenta, ta hau bisa akwatin ta zauna daram.

"Ce masu ya samu," ta ɗaga murya. "Su zo su ɗaga ni."