Shayin Gama Kai

Ba iyayensa suka raɗa masa Ina-Zuwa ba, mutanen da ya bari a kan kujera ne. Zai ɗaura wa mutum ƙyalle a wuya, ya kunna kilifa, ya share masa gefe guda tas, sai ya jiyo ƙarar wani babur a waje da ba ta yi masa daidai a kunne ba. "Ina zuwa," zai ce, ya fice. Mutum ya yi ta kallon rabin kansa a madubi har ya fara sabawa da shi. Akwai ranar da ya fita sayen reza, ya dawo da fankar wani maƙwabci wai zai duba masa abin da ke damunta. Rezar kuwa ko oho.

Shagon na Kawunsa ne, wan mahaifiyarsa, kuma da ba don wannan dangantakar ba da tuni an nuna masa hanya. Abin haushin shi ne hannunsa na da kyau. In ya riƙe aska ya fitar wa mutum layin gemu, sai ka ce da zare aka auna. Gamawar ce dai sai an yi sa'a.

Shi Kawu mutum ne da yabo ba ya fita daga bakinsa, ko da za ka ciro shi daga rijiya. Sai ya kafa wata doka tun Ina-Zuwa na saurayi: duk wanda ya fara kai ya gama shi bai leƙa waje ba, yana da ɗan kofin shayi daga butar Kawu. Butar nan tun safe take kan wuta, ana ƙara mata ganye ba a rage na baya, har shayin ya koma baƙi ƙirin kamar tsohon man inji. Kawu zai zuba, ya ajiye a gaban madubi, ya juya bai ce uffan ba. Wannan shi ne "sannu da aiki" ɗinsa, kuma kowa a shagon ya san haka. A da, in Ina-Zuwa ya sha kofi biyu a yini, ranar ta yi albarka.

Matarsa ce ta tasa shi gaba zuwa asibiti, bayan ya je ɗauko yara daga makaranta ya dawo gida shi kaɗai da labarin wata gobara da aka kashe a hanya. Likitar ta yi masa tambayoyi har ya gaji, ta sa ya dawo, ta sake yi masa wasu. Daga ƙarshe ta ce ba iskanci ba ne, ba lalaci ba ne, wata matsala ce mai suna ADHD da ke hana hankali tsayawa wuri guda, kuma tun yana yaro yake ɗauke da ita. Ta rubuta masa wata 'yar ƙwaya, guda ɗaya kowace safiya.

Wallahi sai ka ce an kashe rediyo goma da ke kunne a cikin kansa an bar masa guda. Ya fara kai, ya gama. Ya fara wani, ya gama. Babura suka yi ta wucewa da ƙararsu, bai ko ɗaga ido ba. Ranar farko da ya tashi aiki ya ga babu wanda ya bari a kujera, ya shiga bayan shago inda ake shanya tawul ya yi kukansa, don daɗi, kuma don takaicin shekarun da ya yi yana ɗaukar kansa mutumin banza. Butar Kawu kuwa ta shiga aiki irin wanda ba ta taɓa yi ba.

To, ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Wajen hantsi sai gabansa ya fara faɗuwa ba gaira ba dalili. Zuciya ta riƙa dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe da gumi. In wanda yake wa aski ya yi shiru, sai ya ce shi ke nan, na ɓata masa kai. In ya yi dariya, sai ya ce da ni yake. Waya ta yi ƙara a aljihun wani, shi ne zai zabura. Kilifa dai da sauƙi, ita ma rawa take yi, ba wanda zai gane rawarta ce ko ta hannunsa. Amma aska ba ta da rufin asiri. Da ya ɗauke ta sai ya ga bakinta na karkarwa, ga wuyan bawan Allah a miƙe a gabansa.

Sai ya koma dabara. Yau aska ba kaifi, gobe ai yanzu layin kilifa ake yayi. Ya san ba dabarar da za ta daɗe ba ce. Hannun Kawu ya fara rawar tsufa, ya daina aikin aska ya bar masa, kuma rabin masu zuwa shagon don askar nan suke zuwa. Kawu ya ma taɓa cewa, yana kallon bango, kujerar bakin taga, wadda shi yake aiki a kai, ta kusa neman sabon mai ita. Wa zai ba wa mai askin da ke tsoron aska kujerar bakin taga?

Duk da haka bai gaya wa kowa ba. Tsoronsa ɗaya: in Likita ta ji, za ta karɓe ƙwayarta, shi kuma ya koma Ina-Zuwan da. Ya gwammace ya yi ta fama da faɗuwar gaba da ya sake barin mutum da rabin kai.

Wani direban bas ne ya fasa ƙwan. Tsohon mai zuwa shagon ne, ba ya jin zancen yayi.

"Ni aska nake so, irin wadda ka saba," in ji shi, ya kwantar da kai ya lumshe ido.

Ina-Zuwa ya shafa kumfa. Ya ɗauki aska. Ya kawo ta daf da maƙogwaron direba, sai ya ji numfashinsa ya tsaya masa a ƙirji, shagon ya yi masa ƙanƙanta. Bai san lokacin da bakinsa ya furta ba.

"Ina zuwa."

Shagon ya ɗauki dariya, wani ya ce lale marhabin, an dawo gida. Shi kuwa yana can cikin tawul-tawul, ya dafa bango, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Da ya koma gida matarsa ta dube shi sau ɗaya, ta ajiye kwanon da ke hannunta.

"Baban yara, labarin zuciya a tambayi fuska. Abinci ba ka ci, ƙofa sai ka duba ta ka sake dubawa. Me ke damunka?"

Ya so ya ce ba komai, sai maganar ta kwararo da kanta. Da ya kai ƙarshe ya ce, "Amma don Allah kar Likita ta ji. Ƙwacewa za ta yi."

"Ikon Allah. Wato kai ka fi ta sanin aikinta. In wani ya zo ka yi masa aski, sai ya ɓoye maka inda ƙurji yake don kar ka hana shi aski?"

Washegari da ita aka koma asibiti, don ta ce ba ta yarda ba zai biya kallon wata gobarar ba.

Likita ko gezau ba ta yi ba. Ta ce wannan abu ne sananne, maganin kan jawo wa wasu faɗuwar gaba da rawar hannu, kuma da ya zo tun farko da bai sha wahala haka ba. Ta auna jininsa, ta saurari ƙirjinsa. Ta ce za ta rage ƙarfin ƙwayar, in bai yi ba akwai wata iri, ba yau za a raba shi da magani ba. Ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka.

"Kana karyawa kafin ka sha?"

"Wani lokaci."

"Ba ya karyawa," in ji matarsa.

"Shayi fa, Malam?"

"Ɗan kofi ne kawai. Ƙarami haka."

"Sau nawa?"

"Bayan kowane kai."

Likita ta ajiye biro. "Kai nawa kake yi a yini?"

Ya fara ƙirgawa da yatsu, yatsun suka ƙare, ya waiwayi matarsa kamar zai ari nata. Likita ta yi dariya har da dafe goshi. Ta ce maganin ya sa yana gama kai, gama kai ya sa yana ɗura shayi, shayin kuma ya hau kan maganin suna kaɗa masa zuciya su biyu. Ta ce ya bar baƙin shayin nan, ya riƙa karyawa. Ta kuma koya masa abin yi in abin ya taso: ya tsaya, ya ja numfashi ta hanci, ya sake shi a hankali ya fi shigarsa tsawo, kamar mai hura wa yaro abinci.

"Ba zai tafi rana ɗaya ba," ta ce. "In ya zo, kar ka gudu. Ka jira shi ya wuce."

Duk wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne Kawu. Ta yaya za ka ce wa mutumin da ba shi da wani baki sai buta ya daina zuba maka? Ina-Zuwa ya kasa. Sai ya riƙa karɓar kofin da hannu biyu, ya faki ido, ya juye a tukunyar wani ɗan furen da ke bakin ƙofa. Faɗuwar gaban ta ragu sosai, duk da takan leƙo jefi-jefi. Furen ne ya shiga uku. Ganyensa ya yi ja, ya nannaɗe, ya fara zuba.

Wata safiya, kafin mutane su fara zuwa, Kawu ya tsaya a kan furen ya daɗe. Ya lakaci ƙasar ya sansana. Sannan ya zo ya zauna a kujerar bakin taga, ya ɗauki ƙyalle ya ɗaura wa kansa.

"Zo ka gyara min gemu. Da aska."

Tunda yake, Kawu bai taɓa ba shi kansa ba. Nan take zuciyar ta tashi da gudunta. Ya shafa kumfa, ya ɗauki aska, ya ga bakinta ya fara 'yar rawar nan. Ƙofa na buɗe, kalmomin nan biyu na kan harshensa. Ya haɗiye su.

"Kawu, gabana faɗuwa yake yi. Maganin da nake sha ne. Likita ta ce shayin ma na ƙara shi, shi ya sa..."

"Na ga furen," in ji Kawu, idonsa a rufe. "To ka tsaya ya gama faɗuwar. Ni ba inda za ni."

Ya tsaya. Ya ja numfashi, ya hura a hankali, ya sake, ya sake. Wani babur ya wuce da mummunar ƙara. Kawu bai motsa ba, wuyansa a miƙe, fatar duk ta saki. Can zuciyar ta gaji da gudu ta koma tafiya. Ya ɗora aska, ya ja layin farko, ya fita sumul. Bai ɗaga kai ba sai da ya goge kumfar ƙarshe.

Kawu ya duba dama a madubi, ya duba hagu. Ya tashi ya nufi butarsa kamar yadda ya saba, har ya kama mariƙinta, sai ya tsaya. Ya sake ta. Ya tsaya nan hannu ba komai, yana ta gyaran murya kamar wanda ƙaya ta maƙale wa.

"Hannunka ya fi nawa," ya ce da bango. "Tun da daɗewa ma."

Ina-Zuwa ya ji idonsa ya cika, ya rasa inda zai sa fuskarsa.

"Me kake kallo?" in ji Kawu. "Kwaso kayanka ka dawo nan bakin taga. Kuma ka nemo min wani furen, wannan ka kashe shi."